Daga Tallafi zuwa Lamuni: Kuɗin Karatun Ɗalibai a Tambuwal da Kebbe

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda akasarin magidanta manoma ne da kuɗi ba ya zama hannunsu sai da kaka, nauyin karatun gaba da sakandare ya daɗe a wuyan hukuma, tun zamanin da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna take ɗaukar nauyin ɗalibai, har zuwa hukumar tallafin karatu ta Jihar Sakkwato. Tallafi kyauta ne da ba a mayarwa, kuma shi jama'ar yankin suka saba da shi.

Lamuni kuwa, wato bashin da ɗalibi zai biya bayan ya kama aiki, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa masa hukuma a 1972, amma shirin ya durƙushe saboda da yawa daga waɗanda suka ci bashin ba su biya ba, kuma Bankin Ilimi da dokar soja ta 1993 ta tanada bai taɓuka abin kirki ba.

Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 12 ga Yuni 2023 ta farfaɗo da batun, sai dai sharuɗɗanta sun nuna cewa marubutanta ba su yi tunanin ƙauye ba. Ta ce kada kuɗin shigar iyali ya kai naira 500,000 a shekara, ta kuma buƙaci mutum biyu su tsaya wa ɗalibi, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko gogaggen lauya, alhali ɗan manomin Kebbe ba shi da takardar albashin uba, bare wani babba da zai sa masa hannu. Majalisar Tarayya, wadda Aminu Waziri Tambuwal yake cikinta a matsayin sanatan Sakkwato ta Kudu, ta soke dokar ta yi sabuwa, aka sanya mata hannu ranar 3 ga Afrilu 2024.

Sabuwar ta cire waɗannan sharuɗɗa, ta kafa asusun NELFUND, wanda yake biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yake kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kawar da fargabar riba ga iyaye Musulmi, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ta intanet ake nema, da lambar shaidar ɗan ƙasa da ta banki da ta JAMB.