Dogon hutu: tun yaushe Bakano ya fara fita yawo da iyalinsa?

1/ Yayata ta kawo mana yaranta uku hutu. Kwana huɗu kacal suka yi, jiya da daddare Hajiyarmu ta kira ni ta ce, "Kai da ba ka da aikin fari bare na baƙi, ka kwashe su ranar Asabar ka kai su wani wuri kafin su rushe min gida." Ni da na dawo daga makaranta don in huta. To garin tunanin inda zan kai su ne na faɗa cikin wani tarihi. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Wani hoto ne ya tayar da maganar. Yana cikin durowar Abba, marar kala, gefensa duk ya ci. Abba yana ɗan shekara 11, kakanmu ya dafa kafaɗarsa, ga ƙannensa maza biyu, bayansu keji. A bayan hoton an rubuta da biro: Gidan Zu, 1974. Na ce, "Abba, ina Hajiya Babba?" Ya yi dariya har da tari. "Tsohuwa ta biyo mu gidan zu a lokacin? Kai yaro ne."

3/ Dariyar nan ce ta tsaya min a rai. Yau in ka ga magidanci da matarsa da yara sun cika adaidaita sahu za su shaƙatawa, ko kallo ba su ishe ka ba. Amma a Kano abin nan bai fi shekara hamsin da ɗoriya ba, kuma ba haka kawai ya faɗo daga sama ba.

4/ Mu fara da hutun kansa. A ƙasashen Turai dogon hutu yana zuwa ne lokacin zafinsu, shi ya sa kuke ganinsu a fim suna tururuwa bakin teku. Mu namu daga ƙarshen Yuli ne zuwa Satumba, wato tsakiyar damina, da markar Agusta a ciki. Ainihin bazararmu kuwa, Maris zuwa Mayu, yara suna aji suna jiƙewa da gumi. Kalandar aro ce, mun dai saba da ita.

5/ Makarantar allo ba ta san dogon hutu ba. Alhamis da Juma'a, sai hutun salla da na Maulidi. Boko kuwa, duk da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa tun 1909, 'yan tsiraru ne ke zuwa shekara da shekaru. Sai a 1976, da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin firamare kyauta ga kowa, yaran talakawa suka cika azuzuwa. Daga nan ne "an ba da hutu" ya zama maganar kowace unguwa.

6/ Kafin nan damina ba lokacin hutu ba ne ga yaro, lokacin gona ne. Kai abinci gona, kiwon awaki, noman farko, maimai. Ɗan birni kuma a tura shi ƙauye wurin kaka ko goggo ya yi wata guda, ya dawo ya yi baƙi, aljihu cike da gyaɗa. Wannan shi ne "zuwa hutu" na asali, kuma bai mutu ba. Shi ne ma Yaya ta yi mana.

7/ Wasa kuwa ba a biyan ko kwabo. Langa, carafke, gaɗa a dandali in wata ya fito, tatsuniya in an yi hadari an kasa fita. Wankan ruwan sama a bakin indararo. Kamun shinge in an ɗauke ruwa. Sai kududdufi, ramukan da aka haƙa ƙasar gini ruwa ya cika su. Abba ya ce dukan da ya fi kowanne zafi a rayuwarsa a kan kududdufi ya sha shi, kuma bai ga laifin kakanmu ba. Har gobe kududdufi na cin yara da damina.

8/ Namun daji ma yaro ba ya zuwa wurinsu, su ke zuwa ƙofar gidansu. Gardawa su shigo unguwa da kura an sa mata takunkumi, ga biri da riga, ga mesa a wuya, ana kiɗa ana sayar da magani. Gidan zu ke nan mai tafiya da ƙafarsa.

9/ Babbar fita ita ce ta salla. Sabon ɗinki, yawon barka da salla gida-gida, sannan kallon hawa: Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, Hawan Nassarawa washegari. Amma ku lura da wanda ke riƙe da hannun yaron. Yayansa ne, ko 'yar riƙo, ko almajirin gida. Uwa tana kulle. Uba yana cikin sa'o'insa, kuma ga kunya, mutumin da ko sunan ɗan farinsa ba ya faɗa, shi ne zai saɓa shi a kafaɗa ya ratsa gari, matarsa na biye? Ai sai a yi da shi a majalisa.

10/ Sai ga Audu Bako. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba Najeriya jiha 12, ya turo wa sabuwar Jihar Kano, wadda a lokacin har da Jigawa ta yanzu, wani babban jami'in ɗan sanda a matsayin gwamna. Ya yi shekara takwas. An fi tuna shi da ruwa: madatsar Bagauda, sannan Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya gama gasa Arewa da Nijar.

11/ Don noman rani aka yi su, su Kadawa da Kura shaida ne. (Mutanen Haɗeja da Nguru kuma suna da nasu labarin, don ambaliyar da ke cika musu fadama ta ragu bayan an tare ruwan a sama. Wannan zare ne na wata rana.) Abin da ya shafe mu a nan shi ne, mutumin bai tsaya a noma ba. An gina otal a bakin tafkin Bagauda, an gina wani a kan dutse a Tiga. Wato tun farko an yi tunanin mutane za su zo su zauna su kalli ruwa kawai.

12/ A 1971 aka kafa gidan namun dajin da yanzu ke ɗauke da sunansa, fili sama da hekta 40. A lokacin bayan gari ne, Abba ya ce gonaki suka riƙa wucewa kafin su isa. Yau ku je Titin Gidan Zu da yamma ku ga cunkoso. Gari ne ya taka ya same shi har ya wuce.

13/ Kuma ba Kano kaɗai ba. Yankari an buɗe ta ga jama'a tun 1962. Gomwalk ya yi wa Jos nata wurin namun dajin a 1972. Maiduguri na da Sanda Kyarimi. Zamani ne da gwamnoni ke ganin jiha ba ta cika jiha ba sai da wurin da za a kai yara.

14/ Amma gina wuri daban, samun mai zuwa daban. A nan kuɗin mai ya shigo. Farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973. Kwamitin Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi a 1974, aka biya ma'aikata har da ariyas. Masu keke suka sayi Vespa, masu Vespa suka fara hangen Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ga albashi, ga abin hawa, ga Lahadi ba aiki. Sai aka sami sabon mutum a gari: magidancin da ke da lokaci da 'yan canji, yana neman inda zai kai yara.

15/ Kakanmu irinsu ne, akawu ne a wani ofishi. Ku duba hoton: ya karya wata al'ada, ya riƙe wata. Ya fita da 'ya'yansa da kansa a bainar jama'a, abin da ubansa bai taɓa yi ba. Amma maza ya zaɓa. Goggonnina biyu suna gida tare da uwarsu, sai labarin jimina da suka sha da daddare.

16/ A ganina gidan zu ya fi Bagauda da Tiga tasiri nesa ba kusa ba. Waɗancan sai mai mota, sai wanda zai iya kwana a otal. Gidan zu kuwa kuɗin bas ne da na ƙofa. Ɗan mai unguwa da ɗan mai faskare keji ɗaya suke leƙawa, zaki ɗaya ke ba su tsoro.

17/ An sauke Audu Bako a juyin mulkin Yulin 1975 da ya kawo Murtala, ya rasu a 1980. Daga nan mai ya faɗi, Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya ɗora da SAP a 1986. Wanda albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ba ya zuwa kallon tafki. Otal ɗin Bagauda yanzu makarantar horar da lauyoyi ce.

18/ Hoto na biyu mai kala ne, 1998, wuri ɗaya. Ga Yaya da ribom a kai. Ga Hajiyarmu tsaye da mayafi, riƙe da kular dafa-duka. Me ya faru tsakanin hotunan biyu? Hasashena, kuma hasashe ne: 'yan matan da aka sa firamare a 1976 su ne suka zama iyaye. Hajiya ta ce da makaranta ta fara zuwa wurin, malamai suka jera su bibbiyu. Wadda ta ga kada da idonta tana aji huɗu, da wuya ka ce mata ta zauna a gida ta jira labari.

19/ Mu kuma 'yan bayan 2000 namu ya zo da tangarɗa. 20 ga Janairun 2012, duk wanda ke Kano ya san inda yake a yammacin Juma'ar nan. Dokar hana fita, shingaye a kowane titi, iyaye suka tsorata da duk wurin da jama'a ke taruwa. Akwai hutun da muka yi shi kaf a tsakar gida, daga talabijin sai lesin.

20/ Da abin ya lafa, inda muka nufa daban ne. An buɗe Ado Bayero Mall a 2014, a titin nan dai na gidan zu. Ga sanyin AC, ga masu bincike a ƙofa, hankalin iyaye ya kwanta. Kar ku yi musu, da yawanmu mun yi hoto riƙe da kwandon Shoprite ba mu sayi komai ba sai biredi 😂 Shoprite ɗin ma ta tattara ta bar Kano a Janairun 2024.

21/ Abin da ke damuna da sabon salon shi ne lissafi. A tsohon tsari ka biya a ƙofa sau ɗaya, ka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiya, ku ci abin da kuka dafo daga gida. A wuraren wasan yanzu kowane lilo da kuɗinsa, kowace motar wasa da nata, wasu ma ba a shiga da abinci. Mai yara biyar ya gwada ya gani.

22/ Kun tuna goggon birin 2019? Aka wayi gari labari ya zaga duniya wai ya haɗiye kusan naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano. Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma goggon biri a wurin. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma abin da muka tsallake: kuɗin ƙofa ne na 'yan kwanakin salla kawai. Ku auna yawan ƙafafun da suka shiga kafin a tara wannan, a wurin da wasu ke cewa ya zama tsohon yayi. A Oktoban shekarar kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa, ya yi buɗa-baki da awaki kafin a mayar da shi.

23/ A 2020 gwamnati ta ce za ta mayar da gidan zu Tiga, saboda gari ya kewaye shi, hayaniya ta yi wa dabbobin yawa. Hujjar ba ta banza ba ce, kuma wanda ya kwana kusa da wurin daren da zakin ya fita zai fi ni fahimtarta. Amma Tiga kusan kilomita 70 ce. In aka kai shi can, ya koma sahun Bagauda, na masu mota. Sannan wa zai gaji filin? Mun ga abin da ya sami filaye da yawa a garin nan, rana ɗaya za ka ga an zagaye da kwano, wata shida sai shaguna. Har yanzu dai yana nan inda Audu Bako ya bar shi.

24/ Hawan salla ma da muke tinƙaho da shi, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, daga korona sai rikicin masarauta. Babban cikin yaran Yaya shekararsa tara, sau ɗaya ya taɓa ganin Hawan Daushe ido da ido.

25/ To ga shirin Asabar, daidai kuɗin da Hajiya ta ba ni. Da safe Gidan Makama, gidan da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke. Na so mu hau Dala, matakala 101, in nuna musu Kurmi da Goron Dutse daga sama, amma na tuna ƙaramar shekararta uku kuma ni zan goya ta. An fasa. Bayan azahar sai gidan zu, in hadari bai haɗo ba.

26/ Ɗazu na shiga ɗakin Hajiya Babba da hoton 1974 a hannu. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta ce ita ta wanke wa Abba rigar nan ta goge da dutsen guga na gawayi. Na ce, "Hajiya, daga baya kin je kuwa?" Ta ce, "Ina fa. Labari dai nake sha, daga na ubanka har naku."

27/ Na ce to ki shirya Asabar. Ta ce in rufa mata asiri, ƙafa ba ta kai ta ko bakin titi. Ƙaramar ta ce, "Kawu zai goya ki." Yanzu dai Abba ya ce zai ba da mota, ni kuma an bar ni da neman aron keken da za a tura ta a kai. Wanda ke da shi a kusa da Gwale ya yi min magana.