MAGANIN BAƘIN CIKI: DAGA INDIYA ZUWA FADAMAR MIGA

Duk wanda ya taso a ƙasar Miga, a bakin Kogin Haɗeja, ya san cewa manomin fadama ba ya kwana da tabbas. Shekarun 1972 zuwa 1974 fari ne ya cinye amfanin gona da dabbobi. Bayan an kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sake, ciyawar kacala ta toshe magudanai, har ya zama a 2020 da 2022 ambaliya ce ta kwashe shinkafa da gidaje. Asarar dukiya ana iya ƙidaya ta, amma akwai wadda ba ta ƙidayuwa, wato ƙuncin da kan zauna a zuciyar magidanci ya hana shi ci, ya hana shi barci. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in nuna cewa magabata, namu da na wasu, sun ɗauki wannan ƙunci a matsayin ciwo mai magani, ba ragwanci ba.

Bari mu fara da ƙasar Indiya, inda suke da tsohon ilmin magani da suke kira Ayurbeda, ma'anarsa "ilmin rayuwa". Babban littafinsu, wanda ake jinginawa ga wani malami Caraka, ya kai kimanin shekara 2,000. A cikinsa an raba magani gida uku: na addu'a da ibada, na abinci da saiwoyi, da kuma na horar da zuciya ta kauce wa abin da ke cutar da ita. Suna ganin tsoro da baƙin ciki suna tayar da "iskar jiki", wadda suke kira bata, ita kuwa in ta tashi sai barci ya ƙaurace, ciki ya rikice. Saboda haka suka yi wa mai damuwa tsarin yini: ya tashi kafin fitowar rana, ya ci abinci mai ɗumi a kan lokaci, ya shafe jikinsa da man riɗi, ya kwanta da wuri, kuma ya zauna da mutanen kirki.

To, mai karatu zai ce, ina ruwan Bahaushe da likitan Indiya? Amsar tana Bagadaza. A zamanin Halifa Haruna Rashid (786 zuwa 809), waziransa Baramika, waɗanda asalinsu mutanen Balkhu ne, sun gayyato likitocin Indiya, aka juya littattafansu zuwa Larabci. A shekarar 850 Aliyu bin Rabban Aɗ-Ɗabari ya gama littafinsa Firdausul Hikma, ya keɓe wa maganin Indiyawa sashe guda a ciki. Bayansa Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar mutuwa ko asara, da wanda kan auko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana bukatar maganin jiki. Ilmin likitanci na Larabci kuwa ya iso ƙasar Hausa a hannun malamai da alhazai, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ya yi wallafe-wallafe a fannin. Ko tsamiyar da muke kunu da ita, Larabawa "dabinon Indiya" suke ce mata.

Ba ina cewa ne daga Indiya kakanninmu suka koyi jinyar zuciya ba. Abin da nake cewa shi ne, in aka jera tasu da tamu za a ga kama. Alal misali, malami kan yi wa mai firgita tofi da rubutun sha, wannan shi ne gida na farko. Tsohuwa kan dama masa kunu mai zafi da citta da kanumfari, ta sa a shafa masa mai, gida na biyu ke nan. Na uku kuwa shi ne haƙuri, wanda wasu ɗalibai suke ɗauka naɗe hannu ne, alhali aiki ne da ake koya wa zuciya kullum. Bugu da ƙari, Bahaushe ba ya barin mai baƙin ciki shi kaɗai. Zaman makoki, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da zuwa jaje in ruwa ya ci gona, da gayyar tayar da ɗakin da ya faɗi, duk hanyoyi ne na raba nauyi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Likitocin zamani ma sun gano wannan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke kwana a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Wato dai ya haɗa allura da zumunci.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Albalkhi ya riga ya faɗa mana cewa ba kowane ƙunci kunu da lallashi ke warkarwa ba. Wanda ya yi makonni ba ya ci, ba ya magana, ko ya fara ambaton gajiya da duniya, asibiti za a kai shi, kamar na Kazaure ko na Dawanau, ba a ɗaure shi a turu a ce aljanu ne ba.

A ƙarshe, kira nake ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ƙasar Haɗeja da Dutse. Tsofaffin da suka ga farin 1973 suna ƙarewa. Idan an tafi hutu, a zauna da su, a tambaye su me suka ci, me suka karanta, wa ya zo musu jaje, a rubuta. Indiyawa sun rubuta nasu, shi ya sa muke karanta shi bayan shekara 2,000. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.