Guy Lewis

Guy Vernon Lewis (1922 zuwa 2015) kocin ƙwallon kwando ne ɗan ƙasar Amurka, haifaffen garin Arp a jihar Texas. Ya horar da ƙungiyar Jami'ar Houston, wadda ake kira Cougars, daga 1956 zuwa 1986, inda ya ci wasanni 592. Sau biyar ya kai ta zagayen kusa da na ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka ta NCAA.

A 1964, lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin ƙasar, ya ɗauko 'yan wasa baƙaƙen fata biyu, Elvin Hayes da Don Chaney. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce a wancan zamani. Hayes ne ya zura maki 39 a Janairun 1968, ranar da Houston ta doke UCLA da ci 71 da 69 a filin Astrodome, gaban 'yan kallo sama da 52,000.

An san Lewis da tawul mai ɗigo-ɗigon ja da fari da yake damƙewa a gefen fili. A ƙarƙashinsa Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya goge, tare da Clyde Drexler. Sai dai kofi bai zo ba: North Carolina State ta doke Houston 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe ta wasan ƙarshe na 1983, Georgetown kuma ta sake hana ta a 1984. Sai a 2013 aka shigar da Lewis zauren gwarzayen wasan na Naismith, karramawar da ta makara ƙwarai.