NNPC: Tarihin Maƙwabcinmu Mai Dogayen Benaye Huɗu



Mu mazauna Maitama da kewaye, da wuya mako ya wuce ba mu gitta ta gaban dogayen benayen nan huɗu na NNPC da ke titin Herbert Macaulay a tsakiyar Abuja ba. Abin da ake yankewa a cikinsu shi ke taɓa kuɗin motarmu zuwa Kano ko Katsina, har da farashin buhun masara a kasuwar Wuse. Ya kamata mu san asalin wannan maƙwabci.

An fara gano mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka soma fitar da shi waje a 1958. A lokacin komai na hannun Turawan Shell-BP ne, gwamnati haraji kawai take karɓa. Sai a 1971, shekarar da Najeriya ta shiga ƙungiyar OPEC, aka kafa kamfanin gwamnati mai suna NNOC. Ranar 1 ga Afrilun 1977, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka haɗe shi da ma'aikatar da ke kula da mai, aka samu NNPC. Muhammadu Buhari ne kwamishinan man fetur na tarayya a lokacin.

Mutane da yawa suna ɗauka NNPC ne da kansa yake haƙo duk man ƙasar nan. Ba haka ba ne. Shekara da shekaru yawancin man ta hanyar haɗin gwiwa yake fitowa: NNPC na da kashi 55 cikin ɗari a rijiyoyin da Shell ya gudanar, kashi 60 a na Mobil da Chevron da Agip. A da su ke aikin, shi kuma ya zuba kasonsa na kuɗin aiki ya kwashi kasonsa na ɗanyen mai. Sau da yawa gwamnati ba ta biyan nata a kan lokaci, bashi ya yi ta taruwa.

Inda labarin ya fi shafarmu shi ne tacewa da rabo. Matatu huɗu kamfanin ya mallaka: tsohuwar Fatakwal ta 1965, ta Warri ta 1978, ta Kaduna ta 1980, da sabuwar Fatakwal ta 1989. A takarda suna iya tace ganga 445,000 a rana. Ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, an ba ta ƙarfin ganga 110,000. A da ana turo mata ɗanyen mai ta bututu tun daga gaɓar teku a Escravos, ta bi ta Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ba fetur da kananzir kaɗai aka gina ta don su ba, har da kwalta da baƙin mai na inji. Daga nan wasu bututan su kai tataccen mai daffo-daffo na Kano, Gusau, Jos, Gombe da Maiduguri, tanka ta ɗauka ta kai gidajen mai na kusa. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Rashin gyara a kan lokaci da fasa bututu suka kashe shi. Yau direban tanka sai ya taso tun daga Legas, ya yi kwanaki a hanya, titi ya lalace, mu kuma mu biya kuɗin dakon a kan kowace lita. 'Yan bumburutun da muke gani da galan a bakin titi duk lokacin da layi ya yi tsawo, a wannan giɓin suke cin abinci.

Batun lissafi kuwa ya daɗe yana tayar da ƙura. A 2014 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya ce akwai dala biliyan 20 da ba su shiga asusun tarayya ba; kamfanin ya musanta, shi kuma aka dakatar da shi a watan Fabrairun shekarar. Sai a 2020, bayan shekara 43 da kafuwa, NNPC ya fara wallafa rahoton kuɗinsa da masu bincike suka tantance. A 2021 aka sanar da ribarsa ta farko, naira biliyan 287.

A watan Agustan 2021 Buhari, yanzu a matsayin shugaban ƙasa, ya sa hannu a sabuwar dokar man fetur, wadda ta mayar da shi NNPC Limited, kamfanin kasuwanci, ko da yake har yanzu gwamnati ce mai dukkan hannun jari. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a nan Abuja. A Afrilun 2025 aka sauke Mele Kyari, Bayo Ojulari ya hau. Fetur kuma yanzu matatar Dangote mai ganga 650,000 ake sa wa ido, inda kason NNPC bai wuce kashi 7.2 ba.

Ayyuka biyu ne mu 'yan Arewa ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu a majalisa a kansu. Na farko rijiyoyin Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, da aka ƙaddamar da bikin gaske a Nuwamban 2022. Na biyu bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ya ratsa ta Abuja da Kaduna ya dire a Kano, wanda aka soma a Yunin 2020. A ganinmu wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai, tsadar wuta na cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da su, kuma iskar da za ta juya injinansu ta wannan bututun za ta biyo.