Asalin Baƙuncin Layi da Saukowar Sabis a Tsarin Wayar Salula

Saukowar sabis daga 4G zuwa 3G ko zuwa harafin E, da kuma ci gaba da aikin layi bayan mai shi ya tsallaka iyakar ƙasa, abubuwa ne biyu masu tushe guda, wanda aka kafa a Turai tun kafin intanet ta shiga waya. A farkon shekarun 1980 tsarin wayar tafi-da-gidanka na yawancin ƙasashen nahiyar ba ya jituwa da na maƙwabtansu, in ban da Suwidin da Norwe da Denmak da Finlan, waɗanda suka haɗa kai a kan tsarin NMT da aka fara a 1981. Ganin haka ya sa ƙungiyar hukumomin gidan waya da sadarwa ta Turai, CEPT, ta kafa kwamiti a 1982 domin fito da tsari ɗaya na bai-ɗaya, wanda ya zama GSM. Aka sa hannu a yarjejeniyar gina shi a Kopenhagen a 1987, aka kuma yi kiran farko a Finlan a 1991.

Babbar hikimar GSM ita ce raba shaidar mai layi da wayar da ke hannunsa. Katin sim yana ɗauke da wata lamba da ake kira IMSI, wadda alƙalumanta uku na farko suke nuna ƙasa, misali 621 ga Najeriya da 614 ga Nijar, kuma kowane kamfani yana da rajistar gida, inda bayanan masu layinsa suke, da rajistar baƙi, inda ake rubuta duk wanda ya shigo yankin na ɗan lokaci. Idan waya ta samu kanta a wata ƙasa, kamfanin masauki yana tambayar rajistar gida ko layin sahihi ne, sannan ya ba shi sabis ya aika wa kamfanin gida lissafin kuɗi. Wannan shi ne baƙuncin layi, kuma yarjejeniyarsa ta farko a GSM an ƙulla ta a 1992 tsakanin Telecom Finland da Vodafone na Birtaniya. Fasahar ta kammalu da wuri, amma tsadar ta daɗe ba ta sauka ba, har sai da Tarayyar Turai ta ƙayyade farashi a 2007, ta kuma soke ƙarin kuɗin a 2017. Afirka ta riga ta da shekaru, domin kamfanin Celtel ya cire wannan ƙari tsakanin Kenya da Tanzaniya da Yuganda a 2006, ya kuma shigar da Najeriya da Nijar da Chadi a 2007, abin da ya dace da rayuwar 'yan kasuwar kan iyaka irin na Illela da Birnin Ƙonni, inda waya kan kama sabis ɗin tsallake ko mai ita bai motsa ba.

Saukowar sabis kuwa ta samo asali ne daga yadda aka riƙa ɗora kowane sabon zubi a kan tsoho. An tsara GSM, wato 2G, domin murya, datarsa ba ta wuce kilobit 9.6 a daƙiƙa ba, sai aka ƙara masa GPRS wajen 2000, sannan EDGE, wanda shi ne harafin E. Japan ta fara 3G a 2001, kamfanin TeliaSonera kuma ya buɗe 4G a Stockholm da Oslo a 2009, amma babu kamfanin da ya iya mamaye ƙasa da sababbin ƙarafan sabis a dare ɗaya, ga shi kuma siginar da ke kan mita mai tsayi, kamar megahaz 2100 ko 2600, ba ta cin nisa ko ratsa bango kamar ta 900. Saboda haka waya tana auna ƙarfin sigina a kai a kai, idan ya gaza ma'aunin da kamfani ya gindaya sai ta sauka zuwa zubin da ke ƙasa. Akwai kuma dalili na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba: 4G ba shi da hanyar murya irin ta da, don haka aka tanadi cewa waya ta koma 3G ko 2G da zarar kira ya shigo, sai dai a inda ake da VoLTE, wato ɗora murya a kan data, wanda ya fara aiki a 2012.

Baƙo ya fi ɗan gida fuskantar wannan saukowa, domin yarjejeniyar baƙunci ta sabon zubi takan makara, kuma mitocin ƙasashe sun bambanta. Lamarin ya ƙara tsanani da aka fara rufe tsofaffin zubi, kamar yadda kamfanin AT&T na Amurka ya kashe 2G a 2017 da 3G a 2022, ta yadda matafiyin da kamfaninsa bai ƙulla baƙuncin VoLTE ba zai iya samun data amma ya kasa kira. Hujjar rufewar tana da ƙarfi, domin a 2G waya ba ta tantance sahihancin ƙarfen sabis, kuma masu satar sauraro suna tilasta mata sauka can da gangan. Sai dai a ƙasashe irin Najeriya, inda GSM ya fara a 2001, ƙananan wayoyi marasa intanet da ƙauyukan da 4G bai kai ba suna dogara da 2G har yanzu, kuma kashe shi kafin a samar da madadi daidai yake da yanke wa talakawa layi.