Daga Gammo Zuwa Tirela: Tarihin Jigilar Kaya A Karkararmu

Duk manomi ya san cewa noma ba ya ƙarewa da girbi. Idan an yanke gero an ɗaure dami, to sai a fara tunanin yadda zai isa rumbu kafin gara ko dabbobi ko ɓarayi su riga mai shi. Haka nan da rani, takin da ya taru a turke ba shi da wani amfani har sai ya isa gona. Wannan ɗawainiya ta kai da kawowa ita muke son mu waiwayi tarihinta, domin mun lura marubutanmu sun cika littattafai da manyan motoci na alfarma, amma da wuya ka ga an ambaci abin da yake ɗauko tuwon da jarumin labari yake ci.

Abin ɗaukar kaya na farko a wurinmu shi ne kan ɗan Adam. A naɗa gammo, a aza dami ko tulu ko itace, a kama hanya. Bayan kai sai jaki, sai takarkari, wato sa na ɗaukar kaya, sai kuma raƙumi a wajen Buzaye da attajirai. Da jakuna da takarkarai fatake suka yi ta safarar goro daga Gwanja, tafiyar watanni a ƙarƙashin madugu. Amma babban aikin jaki a gida yake. Ana ɗora masa akumari don kada kaya ya ci masa baya, sannan a aza mangala idan taki ne ko ƙasar gini, ko waga da taiki idan hatsi ne. Har sunaye kakanninmu suka ba shi bisa ga launi: auraki, wanda ya fi daraja, da duna da goho da sauransu. Mun taɓa tambayar ɗalibanmu na aji shida ma'anar mangala, ba mu sami hannu biyar a sama ba.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan maganar taki, domin a nan ne ƙimar jaki ta fi fitowa. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta shahara da cewa ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta gaza. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun daga shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da taki da toka da shara zuwa gonaki. Wato ke nan albarkar gonar mutum tana rataye ne da yawan sawun da jakinsa zai iya yi kafin ruwan shuka. Mai jaki biyu ya fi mai ɗaya, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa sai aro, ko ya ɗauka da kwando, ya zuba a gonar da ta fi kusa da gida, ta nesa ya bar ta ga Allah.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana kakanninmu yin keken shanu, alhali ga maƙera ga masassaƙa? Ba rashin wayo ba ne. A duwatsun hamada, har da na ƙasar Azbin, akwai tsofaffin zane-zane na kekunan da dawaki ke ja, saboda haka abin ba baƙo ba ne a wannan sashe na duniya. Mu a ganinmu lissafi ne ya hana. Keke yana bukatar hanya mai faɗi wadda za a riƙa gyarawa bayan kowace damina, shi kuwa jaki yana bin siririn turba tsakanin gonaki, ya ratsa rairayi, ya tsallaka rafi, abincinsa kara da ƙaiƙayi. Turawa ma da suka zo sun ɗanɗana wannan. A zamanin Lugga an gwada kekunan shanu a hanyar Zungeru zuwa Zariya, amma cututtukan dabbobi da lalacewar hanya suka karya lagon shirin, aka ci gaba da dogara da 'yan alaro, kowa da kayan da ya kai laba 60 a kansa, sau da yawa ma bisa tilas.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sai aikin jaki ya ƙaru maimakon ya ragu, domin shi ke kai buhuna daga ƙauye zuwa kanti. Canji na gaske ya faro ne a 1928, lokacin da ma'aikatar gona ta fito da shirin noma da shanu, inda En'e ke ba manomi rancen shanu biyu da garma ya biya a hankali. Garmar ta karɓu, amma amalanke ya daɗe yana hannun sarakuna da masu hali saboda tsada. Bai zama na talaka ba sai da tsofaffin motoci suka yawaita, masu walda suka koyi ciro ƙafafunsu da tayoyinsu su haɗa da katako. Sunan ma aro ne: amalanke daga Yarbanci, baro kuwa daga Turanci. Shanu biyu a karkiya suna jan buhu biyar ko fiye a sawu ɗaya, abin da zai ci wa jaki yini guda. A Jamhuriyar Nijar sun ƙara da nasu, domin a can an fi sabawa da ɗaura wa jaki amalanke, musamman wajen ɗiban ruwa.

Sai kuma tarakta, wadda wasu ke kira tantan. Gwajin farko mai girma shi ne na Mokwa, daga 1949 zuwa 1954, kuma da hasara ya tashi. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka sake ɗaura ɗamara: ayyukan raya karkara na Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, shirin ciyar da ƙasa na 1976, na Shagari a 1980, har kamfanin Steyr ya kafa wurin harhaɗa taraktoci a Bauchi. Gwamnatoci suka buɗe ofisoshin ba da haya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tarakta tana huɗa ne makonni kaɗan a shekara, sauran watanni tirelarta ce ke aiki, tana jigilar taki da yashi da itace, ranar kasuwa ma har da mutane. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, kayan gyara suka gagara saye. Da yawa daga cikinmu mun girma muna wasa a kan gawarwakin taraktoci a bayan wata sakatariya, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Wanda bai sayar da shanunsa ba a lokacin shi ya yi dariya.

Baro da kura su suka cike giɓin da ya rage, kuma ƙarfin yara ne ke tura su. Mu malamai mun fi kowa sanin haka, domin da kaka ta yi, ko ranar kasuwar gari, sai mu ga benci ya yi fili.

A 'yan shekarun nan abubuwan da aka dogara da su duka sun shiga matsi. Satar shanu a Zamfara da Katsina da maƙwabtansu ta raba manoma da yawa da shanun huɗa, amalanke ya zauna a ƙofar gida ba mai ja. Jaki ya yi tsada saboda ana yanka shi ana fitar da fatarsa zuwa ƙasar Sin, har ta kai Tarayyar Afirka ta yanke shawarar hana wannan ciniki a watan Fabrairu na 2024. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga kuɗin hayar babur mai ƙafa uku, wanda samari suka fara jigilar dami da shi, hayar tarakta ma ba ta tsira daga tsadar man dizal da kayan gyara ba. A kakar bara mun ga wani dattijo a bakin hanya yana koya wa jikansa yadda ake naɗa gammo da tsohon zane, damin dawa uku na jiransu a ƙasa, rumbu kuwa yana can bayan rafi.