Naman kaza: gonar da gara ke nomawa

Ɗan'uwa, sama da shekara 100 ke nan da fataken Hausawa suka gangaro daga Kamaru zuwa Bitam da Oyem. Sun tarar da kabilar Fang na cin naman kaza iri-iri: na ruɓaɓɓen icce, na gindin bishiya, da na suri. Na surin nan gara ce ke nomansa. A 1942 Bafaranshe Roger Heim ya raɗa masa suna Termitomyces. Da damina ake tsinkarsa, a kyafe, ya iso tukunyarka a Alibandeng, ya maye gurbin nama. Amma fa kar ka tsinka da ka, sai ka tambayi ɗan ƙasa. Mai guba kan yi kama da na ci, wani dafin kuma ko dafuwa ba ta kashe shi. Makiyayi, kar ka rushe suri, cefanen baɗi ne.